Baba ya tafi gida

Abokina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na san labari ya riga ya iso maka ta waya, amma abin da ke raina ya fi ƙarfin gajeren saƙo, shi ya sa na zauna rubutu. Baba ya yi barci cikin Ubangiji. Makon jiya muka kai shi makwancinsa, kuma har yau in na shiga majami'a, kan kujerarsa idona yake fara sauka.

Bai yi doguwar jinya ba. Mama ta ce ranar ƙarshe da bakinsa ya buɗe sosai, sunayen mutane ya yi ta kira yana yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, kuma naka yana ciki. Na ga ya kamata ka sani.

A wurin jana'iza an yi ta yabon wa'azinsa da shekarun da ya yi yana dattijon ikkilisiya. Duk gaskiya ne. Ni kuwa hankalina yana wani wuri. Ka tuna sa'ad da aka ba ni riƙon kuɗin ƙungiyar matasa, na taɓa, na kasa mayarwa? Kai shaida ne yadda na ɓace. Wata shida ban taka majami'a ba, in na hango ɗan ikkilisiya sai in sake hanya. Baba ne ya tako har inda nake. Bai rage wa laifin nauyi ba, ya kira shi da sunansa, sata, ya ce sai na tsaya gaban dattawa na faɗa da bakina, in kuma biya. Sa'an nan ya ce zai raka ni. Ya kuwa raka ni, yana zaune kusa da ni har aka tashi. Bayan shekara biyu shi ya miƙa mini ajin baftisma in koyar, wasu suna gunaguni wai an ba kura ajiyar nama.

Ranar da ya ba ni ajin, ya buɗe mini Ayyukan Manzanni sura 15. Markus ya bar su Bulus a Bamfiliya ana tsakiyar aiki, da aka tashi tafiya ta biyu Barnaba, abokin aikin Bulus, ya so a tafi da shi, Bulus kuwa ya ce ba za shi da shi ba. Gardama ta yi zafi har suka rabu: Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya ɗauki Markus suka shiga jirgi zuwa Kubrus. Daga nan Baba ya juya zuwa 2 Timoti 4:11, inda Bulus ɗin nan, yana ɗaure, yake roƙo a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Ya rufe littafin, bai ƙara ko kalma ba. Sai daga baya na lura cewa shi kansa Bulus, lokacin da almajirai a Urushalima suke tsoronsa, Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni. Sunan Barnaba na asali Yusufu, manzanni ne suka laƙaba masa wannan, wato mai ƙarfafa zuciya. Da ni ke raɗa suna, shi zan raɗa wa Baba.

Abin da ke cina shi ne ban taɓa zama na yi masa godiya yadda ta kamata ba. Kullum ina cewa sai na sami sarari. Sararin bai zo ba.

Wasu masu ta'aziyya suna cewa mu daina kuka, ai ya huta. Na san da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma ban yarda ba. Yesu ya tsaya a Betanya, ya san sarai zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi hawaye. Dattawan Afisa ma sun rungume Bulus a Militus suna kuka, don ya ce ba za su ƙara ganin fuskarsa ba. Abin da aka hana mu a 1 Tasalonikawa 4:13 baƙin ciki ne irin na marasa bege. Ina da begen tashin matattu, ina kuma kuka, su biyun suna zaune a ƙirjina.

Shekaranjiya Mama ta kira ni ta ba ni Littafi Mai Tsarkinsa, tsohon juyin nan na 1932 da ya saba da shi, bangonsa duk ya saɓule. Na buɗe wurin ayar Markus. A gefen shafin ya rubuta sunaye da fensir, bakwai, nawa ne na huɗu. Biyu daga ciki mutane ne da muke girmamawa ƙwarai a yau, ban taɓa jin sun yi tuntuɓe ba, domin bai taɓa faɗa wa kowa ba. Na ƙarshen wani yaro ne da ya daina zuwa sujada tun bara. Ranar Asabar zan je in neme shi, ban ma san da me zan fara ba. Ka sa ni a addu'a.

Don Allah ka kira Mama. Da rana tana daurewa saboda baƙi, yamma ce take yi mata wuya. Ka gai da uwargida da yara.

Naka cikin Almasihu,
abokinka