Zuwa Ga Iyaye: Dalilan da Suka Sa Ƙungiyarmu ta Ƙwallon Gora Ta Yi Sanyi a Ƙarshen Kaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku iyaye da masu riƙon ɗalibanmu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan an yi salla lafiya, hukumar makaranta ta ga ya dace ta keɓe wasiƙar wannan zango ga tambayar da ta fi yawa a bakinku ranar ziyarar da ta gabata, wato abin da ya sami ƙungiyarmu ta ƙwallon gora, wadda ta fara kaka da ƙarfinta har ana sa mata ran ɗauko kofi, sannan ta yi ta shan kashi a wasanninta na ƙarshe. Mun ji masu cewa yaran sun ɗauki girman kai bayan nasarorin farko, mun kuma ji masu cewa sun sami saɓani da malamin wasanni. Mun zauna da malamin da kyaftin da ma'aikaciyar ɗakin shan magani, mun duba littafin da ake rubuta sunayen masu zuwa atisaye, kuma ba mu ga alamar ko ɗaya daga cikin zarge-zargen nan biyu ba.

Tushen matsalar shi ne ƙarancin 'yan wasan da suka ƙware. A ƙwallon gora mutum 11 ne ke shiga fili daga kowane ɓangare, ana yin minti 60 da aka kasa gida huɗu, minti 15 kowanne, kuma doka ta yarda a canja ɗan wasa sau nawa aka ga dama, wanda ya fita ya huta ya sake komowa. Ƙungiyar da ke da 'yan benci na kirki takan riƙa jujjuya yaranta, ta yadda kowa zai shiga da numfashinsa. Mu kuwa ƙarfinmu ya taru ne a hannun 'yan aji shida, waɗanda suka daɗe suna wasa tare har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya, na bayansu kuma ba su kai a bar musu fili ba tukuna. A zangon farko, da iska ke da sanyi kuma karatu bai matsa ba, wannan giɓi bai bayyana ba.

Da zango na biyu ya shigo sai abubuwa uku suka haɗu a kan waɗannan yara. Jarrabawar gwaji ta zo, ga shirin JAMB, ga darussan yamma na WAEC da NECO waɗanda suka faɗo daidai lokacin atisaye. Wasu daga cikinku sun rubuto suna neman a ɗauke wa 'ya'yansu zuwa fili, kuma mun amince ba tare da jayayya ba, domin karatu ne ya kawo su makaranta. Azumi ya shigo a cikin wannan hali, aka rage atisaye ya koma 'yan mintuna gab da shan ruwa, ba gudu mai tsanani, sai koyon riƙe gora da miƙa ƙwallo. Kafin a ankara zafin bazara ya kankama. Da aka koma gasa, hannun yaran na nan yadda yake, amma ƙafa da ƙirji sun gaza.

Duk wanda ya kalli wasannin ƙarshen zai shaida cewa a kashi na huɗu ake cin mu. A wannan wasa ba a cin ƙwallo sai an taɓa ta daga cikin da'irar gaban raga, kuma idan ta bugi ƙafar mai tsaron baya a cikin da'irar nan, alƙalin wasa yakan ba abokan karawa gajeren bugun kusurwa, inda mutum biyar kaɗai, har da mai tsaron raga, za su tsaya a bayan layi su tare harin. Yaron da ya gaji ba ya iya durƙusawa ya kai gorarsa ƙasa, sai ya miƙe tsaye ya bar ƙafarsa a hanya. Haka muka yi ta ba da wannan bugu a mintunan ƙarshe. Gajiyar ce kuma ta jawo mana katin gargaɗi, domin wanda aka wuce da gudu yakan kai gora ta baya: koren kati na fitar da ɗan wasa na minti 2, rawaya kuwa aƙalla minti 5, kuma ba a maye gurbinsa.

Akwai kuma batun fili, wanda a ganinmu ba a ba shi nauyin da ya kamata a hirarrakin da ake yi. Filinmu na ƙasa ne, ƙwallo tana tsalle a kansa, don haka yaranmu sun saba tare ta da gora a tsaye suna jiran ta lafa. Zagayen ƙarshe kuwa a filin ciyawar roba aka yi shi, wanda ake yayyafa wa ruwa kafin wasa, ƙwallo tana zamewa a kansa da sauri ba tare da ta karkace ba, kuma waɗanda suka saba da shi sukan kwantar da gora a ƙasa su tare ta nan take. Tun gasar Olamfik ta 1976 a Montreal manyan wasannin duniya suka fara komawa kan irin wannan fili, amma a ƙasar nan har yanzu kaɗan ne, irin na babban filin wasa na Abuja da aka tanada domin gasar wasannin Afirka ta 2003. Duk yaron da ke burin shiga kulob irin su Kada Stars ta Kaduna ko Niger Flickers ko Yobe Desert Rollers, dole ne ya saba da shi. Yaranmu da dama ranar wasan ne suka fara taka shi, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Raunuka sun ƙara dagula lamarin. Mai tsaron ragarmu ya yi targaɗe a idon sawu, kuma da yake kayan tsaron raga saiti ɗaya ne a makaranta, na biyunsa bai sami isasshen atisaye a cikinsu ba. Wasu yaran kuma sun ji ciwo a ƙwauri saboda sun shiga fili ba kariya, abin da malamin wasanni ya hana daga yanzu.

Da yake watan azumi yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, zai ci gaba da faɗowa cikin zango na biyu na wasu shekaru masu zuwa. Saboda haka za a mayar da atisaye mai nauyi zangon farko, a fara koyar da wasan tun daga aji biyu na ƙaramar sakandare, a kuma sa 'yan aji huɗu da biyar su riƙa buga aƙalla kashi ɗaya a kowane wasa, ko da hakan zai jawo mana asarar wasu wasannin farko. Za a gabatar wa taron ƙungiyar iyaye da malamai mai zuwa ƙiyasin kuɗin saitin tsaron raga na biyu da na motar da za ta riƙa kai yara filin roba lokaci-lokaci.

Muna roƙon duk wanda ya yarda ɗansa ya shiga ƙungiyar ya sa hannu a takardar izini da ke haɗe da wannan wasiƙa, ya dawo da ita ranar komowa hutu, tare da kariyar ƙwauri da robar kare haƙora.

Wassalam,
Shugaban Makaranta