Ba kowane jini ne basir ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne kan abin da ya sami yayana, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, don na san irinsa suna da yawa cikin 'yan Arewa mazauna Legas.

Ya fi shekara yana ganin jini a bayan gida. Da ya gaya wa abokan rumfa, kowa ya ce basir ne, wa ya rasa shi? Mu dai duk abin da ya taɓa ƙasan mutum sunansa basir. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya sayi garin magani wurin masu mota da lasifika a Agege, har agbo jedi-jedi na Yarbawa sai da ya ɗirka. Ya bar mai, ya bar zaƙi. Amma wando sai zame masa yake yi, kuma ya shiga banɗaki sau shida a yini ya fito yana jin kamar bai gama ba.

Ranar da jiri ya kayar da shi a kasuwa muka kai shi asibiti, aka ƙara masa jini leda biyu. Da likita ya sa safar hannu ya ce zai duba shi da yatsa, Yaya ya ce atafau. Likitan Bayarabe ne, amma ya zauna a Arewa, sai ya ce masa, "Alhaji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ko minti ɗaya ba a yi ba ya taɓo ƙari. Aka zura bututu mai kyamara, aka gutsuri tsoka aka auna, sakamako ya ce kansar dubura ce. Shekarunsa 44.

A nan na koyi cewa basir jijiyoyin jini ne da suka kumbura a bakin dubura. Jininsa jawur ne, yakan ɗiga bayan an gama, kuma ba ya rikiɗa ya zama kansa. Ita kansa takan zo da jini gauraye da bayan gida, da majina, da rama, da sauyin yadda ciki ya saba tafiya. Sai dai mutum na iya ɗauke da su duka biyun, kuma mai lasifika ba ya duba kowa kafin ya miƙa ƙulli.

An fara da gashi da na'ura, wato ƙona ƙarin da wani haske mai ƙarfi, na sati biyar tare da ƙwayoyi, don ƙarin ya motse kafin a sa wuƙa. Abin da ya ba ni takaici, irin wannan na'ura tana nan a cibiyar kansa ta asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH), cibiyar da aka buɗe a 2019, a Idi-Araba, inda mutanenmu suka yi shekara da shekaru suna zaune, amma da yawanmu ba mu san aikinta ba.

Rigima ba ta tashi ba sai da aka zo maganar jaka. Likitan fiɗa ya ce zai yanke inda ƙarin yake, ya haɗa hanji ya ɗinke, sannan ya fito da bakin hanji ta gefen ciki, bayan gida ya riƙa zuba a jakar leda har ɗinkin ya warke. Yaya ya ce gara ya mutu da ya tsaya gaban Ubangiji da najasa a manne a jikinsa. Ban ga laifinsa ba, ni ma da farko haka zuciyata ta ce. Sati uku muna fama, kuɗin aiki a hannu, bayan mun sayar da filinsa na gida. Limamin unguwarmu ne ya raba gardama. Ya ce masa wannan ai hukuncin mai yoyon fitsari ne, wanda malaman Malikiyya suka daɗe da warwarewa: abin da ke fita ba da ikon mutum ba a mafi yawan lokaci ba ya karya alwala, an dai so ya sabunta ta a kowace salla. Ya zubar da abin da ke jakar, ya tsaftace, ya yi sallarsa. Likitan kuma ya ƙara da cewa tasa ta wucin gadi ce, domin ƙarin bai kai ga tsokar da ke riƙe bayan gida ba. Wanda ya kai can, a kan cire duburar baki ɗaya, jaka ta zama ta har abada.

Kwana shida bayan tiyata zazzaɓi ya rufe shi, 'yan uwa suka fara cewa ai dama sun faɗa. Hoto ya nuna mugunya ta taru kusa da ɗinkin. Aka soka siririn bututu aka tsiyaye ta, aka yi ta allurai. Jakar nan da ya ƙi ita ce ta taimake shi, tunda ƙazanta ba ta bi ta kan ciwon.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku nemo likitan fiɗa mai jin Hausa ku zaunar da shi tare da malamin fiƙihu, su yi wa jama'a bayanin wannan jaka ba tare da kwana-kwana ba. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da shugabannin kasuwa su ma su sa baki. A Amurka tun 2021 aka ba da shawarar a fara duba hanjin mutum daga shekara 45 ko da lafiyarsa ƙalau. Mu nan ba wannan nake nema ba tukuna, wanda ya ga jini da idonsa dai ya yarda a duba shi.

Bayan wata biyar aka mayar wa Yaya da hanjinsa, yanzu ya koma kan buhunan albasarsa, yana zuwa asibiti duk wata uku. Maƙwabcin rumfarsa, mai tattasai, ya faɗa masa a asirce cewa shi ma yana ganin jini tun azumi. Sau biyu Yaya na cewa ya zo ya raka shi, shi kuwa ya ce sai ya ƙarar da jarkar maganin da ya saya.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas