Taron Iyaye Kan Zaɓen Sana'a Ga Ƴan SS1

Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da warhaka.

Akwai taro ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 10 na safe, a ɗakin taron makarantarmu da ke Argungu. Yaranmu masu shiga SS1 za su zaɓi ɓangare, kimiyya ko adabi ko kasuwanci, tare da darasin sana'a ɗaya kamar kiwon dabbobi, ɗinki ko gyaran waya.

Malamai sun lura cewa yaron da aka tilasta wa kimiyya don a ce ɗan wane likita ne, shi ke fara gudun aji. Don Allah kowa ya zauna da ɗansa ko ɗiyarsa, ya ji abin da ransu ke so, sannan ku zo tare da sakamakon JSS3. Iyaye mata, ku ma muna jiranku.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka.

Sakataren ƙungiyar iyaye da malamai