A Nemi Barga Kafin A Nemi Doki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida in yi magana da iyaye irina, waɗanda 'ya'yansu suka taso da son doki, su kuwa ba su da gidan da za a kafa turke. Ni ma'aikaci ne, a gidan haya nake a Kano, kuma ɗana na fari, mai shekara 11, in ya ji algaita da tambari ba ya iya zama. Bana na ƙudura zan saya masa ƙuru, ɗan madaidaicin doki daidai ƙarfinsa. Abin da idona ya gani a wajen nema shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yawancinmu daga kasuwa muke farawa. Sallah ta matso, yaro ya dame ka, ka kira dillali, a kawo doki a bayan mota, sannan ka fara tambayar inda zai kwana. Ni a ganina wannan shi ne tushen wahalar da dawakin cikin gari suke sha. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, amma harawa da dawa da ruwa da magani kullum ne, ko an yi hawa ko ba a yi ba. A 2020, da annobar korona ta hana hawan Sallah, babu dokin da ya daina cin abinci.

Akwai masu barga da dama da ke karɓar dawakin mutane suna kiwo ana biyansu duk wata, kuma na zagaya wajensu. Wata barga da aka kai ni, a bayan wani garejin kanikawa take. Rufin kwano ne ƙasa-ƙasa, da rana tsaka zafi kamar tanda. An kafa turaku kusa da juna har dawaki na iya cizon juna. Ƙasa ta jiƙe da fitsari, warin yana shiga ido. Na roƙi yaron da ke kula da su ya ɗaga mini ƙafar wani bidi da ke can ƙarshe. Tsagin da ke tsakiyar kofaton ya yi baƙi ya yi laushi, yana wari, alamar ya daɗe yana tsaye cikin danshi ba a kankare masa ba. Igiyar dabaibayi ta ci fatar ƙafar har gashi ya daina fitowa. Ruwan shansu yana cikin rabin duro, gansakuka ta kama gefensa. Mai wurin ya yi mini magana mai daɗi, kuɗinsa ma ya fi na kowa sauƙi. Amma sauƙin nan daga cikin dokin ake cire shi. Yaron kuwa ban ga laifinsa ba, shi kaɗai ne a kan dawaki da yawa, kuma da na keɓe da shi ya gaya mini an daɗe ba a ba shi haƙƙinsa ba.

Wadda zuciyata ta kwanta da ita ta wani dattijo ce a bayan gari, wanda ya gaji harkar daga mahaifinsa. Babu wani ƙyale-ƙyale. Inuwar darbejiya ce da rumfa mai tsawo da iska ke ratsawa, an zuba yashi ana kwashe kashi safe da yamma. Harawarsa tana kan katako, ba ta taɓa ƙasa, don wadda ta yi fumfuna tana sa doki tari da ciwon ciki. Kafin in tambaye shi komai shi ya fara yi mini tambaya: wa zai hau, shekarunsa nawa, sau nawa zai riƙa zuwa a mako. Ya ce mini, "Alhaji, in yaron ba zai zo ba sai ranar Sallah, gara ka yi masa haya." Na ga yana shafa kowane doki yana duba cikin kunne da ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi, wuraren da kaska ke ɓuya. Wani sabon doki da aka kawo masa ya ɗaure shi can nesa shi kaɗai, da bokitinsa daban, sai ya yi mako biyu ya ga ba ya majina ba ya tari sannan ya haɗa shi da sauran.

Don haka duk wanda zai duba barga, kada ya yi sallama ta waya kafin ya je. Ya je da rana tsaka ya ga ko akwai inuwa da ruwa, don doki yana shan lita 25 zuwa 40 a rana, a bazara ma ya wuce haka. Ya koma bayan Magariba ya ga ko akwai mai kwana a wurin. Kada ya tsaya kallon dokin mai bargar, wannan kullum a ƙoshe yake. Ya nemi a nuna masa dokin wanda ya yi tafiya ya daɗe bai leƙo ba, ya dubi haƙarƙarinsa. Ya tambayi yadda ake ba da hatsi, domin cikin doki ƙarami ne kuma ba ya iya amai. In aka bar shi da yunwa wuni guda sannan aka tula masa dawa, kumburin ciki na iya kashe shi kafin gari ya waye. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, ciyawa da harawa su fi yawa, da ɗan kanwa.

Sai maganar da mutane ke jin nauyin yi. A zauna a rubuta, a gaban shaidu, wa zai biya likita in doki ya kwanta, wa ke da izinin hawa, da ko za a ba da shi haya. Wannan ta ƙarshen ita ke raba zumunci. Mutum yana ofis, dokinsa yana can ana sukuwa da shi a kan kwalta a hawan angwanci, ya dawo da ɗingishi a ce masa tuntuɓe ya yi. Haka kuma a yi maganar harawa tun da kaka, lokacin da take araha, a saya a ajiye, maimakon a jira bazara mai barga ya zo da ƙarin kuɗi a fara jin haushin juna.

In wurin kwana ya samu, sai a nufi kasuwa. Na je Maigatari ranar Alhamis, inda ake shigo da dawaki ta bakin iyakar Nijar, kuma na ga wasu a hannun dillalai a cikin Kano. Akawal da kili da danda da hurde, kowanne ya sha wanka, ido ba ya gajiya da kallo. Sai dai launi ba ya ɗaukar yaro. Kowane dillali zai ce maka dokinsa matashi ne, amma baki ba ya ƙarya: haƙoran gaba na tsakiya suna famfara a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, a shekara biyar baki ya cika. Ga yaro kuwa matashin doki ba alheri ba ne. Duƙushin da bai gama horuwa ba da yaron da bai gama iya riƙe linzami ba, haɗa su neman rauni ne. Gara wanda ya kai shekara 8 zuwa 12, ya saba da ganga da bindiga da babur. A tuna kuma a ƙasarmu yawanci maza ake hawa, ba a cika yi musu dandaƙa ba, saboda haka ingarman da ya yi lamo a kasuwa yana iya canzawa in ya hango goɗiya.

A cire sirdi da jalala a shafa bayansa, can ake ɓoye gyambo. A sa a ja shi a ƙasa mai tauri, ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya juya hagu da dama. In yana gyaɗa kai duk taku, akwai ƙafar da ke masa ciwo. A ɗaga kofato huɗun duka. Dokin da ya cika sanyi, kai a ƙasa, leɓe a sake, a yi hattara da shi, wataƙila ƙishirwa ce ko wani abu aka ba shi. In da hali a koma washegari a sake gani. Wasu sun ba ni shawarar tsofaffin dawakin folo na Kano da Kaduna da Katsina, garin da wasan ya kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a kai. Gaskiya bakinsu yana da laushi, sun san linzami, amma jijiyoyin ƙafarsu sun sha tsayawa da juyi, kuma wasunsu sun fi ƙarfin yaro. Kada a biya ko sisi sai likitan dabbobi ya duba, kuɗinsa bai kai la'adar dillali ba. A kuma karɓi takardar ciniki mai shaidu daga shugabannin kasuwa, don ana satar dawaki.

Malam Edita, a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, mun yi murna ƙwarai. Amma dawakin da ake yi wa ado a Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, da yawansu a irin waɗannan bargogi suke ƙare sauran shekara. A 2019 murar dawaki da jakuna ta ratsa Sakkwato da Nijar ta kashe dabbobi masu yawa, kuma cuta irin wannan ta kasuwa da cunkoson turaku take yaɗuwa. Ina kira ga ma'aikatun da ke kula da lafiyar dabbobi a jihohinmu da su ajiye likita a sashen dawaki duk ranar kasuwa, su kuma yi rajistar bargogin da ke karɓar dawakin mutane, a riƙa leƙa su ana duba ruwa da ƙasa da rigakafi. Masarautu ma suna da Shamaki da dattawan da suka san wannan aiki ciki da bai, za su iya koya wa yaran barga.

Ku ma 'yan jarida ina roƙonku, bayan hotunan ranar hawa, ku tura wakilinku ya zaga bargogin cikin gari a watan Afrilu, lokacin da harawa ta yi tsada zafi ya kai maƙura, ya rubuto mana abin da ya tarar.

Wassalam.

Naku,
Mai karatunku daga Gwammaja, Kano