Ƙorafi Kan Na'urar Karanta Flofi Da Na Saya A Wurinku

Zuwa ga Manajan Kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, na kawo wannan ƙorafi bainar jama'a ne saboda sau biyu ina rubuto muku ba tare da na samu amsar da ta gamsar da ni ba.

A watan jiya na sayi na'urar karanta faifan flofi, wato tsohon faifan adana bayanan kwamfuta, mai haɗin USB a shagonku na intanet, domin tallarku ta ce tana karanta kowane irin flofi mai inci 3.5. Faifai 17 ne marigayi mahaifina ya bari a cikin wani gwangwanin biskit, kowanne da rubutun hannunsa a jiki, kuma a cikinsu ya adana darussan da ya koyar da wasiƙun iyali. Guda 6 masu megabait 1.44, waɗanda ake ganewa da huda biyu, sun buɗe lafiya lau. Sauran 11 kuwa, da zarar na saka ɗaya sai na'urar ta yi ta gurnani, sannan kwamfuta ta ce sai an yi wa faifan fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinsa a sake tsara shi.

Da na buga wa ma'aikacinku waya, ko tambayar abin da ke cikin faifan bai yi ba, ya ce in amince kawai. Na kuwa amince. Abin da ya cece ni shi ne Baba, Allah ya jiƙansa, ya saba zame ɗan makullin da ke kusurwar faifai domin hana rubutu a kansa, sai kwamfuta ta ƙi yin aikin.

Wani dattijo mai gyaran kwamfuta ne ya warware mini matsalar. Faifan nan 11 a tsohuwar kwamfutar Macintosh ta kamfanin Apple aka rubuta su, masu kilobait 800 ne, kuma na'urar Macintosh ta wancan zamani tana sauya saurin juyinta daga gefen faifai zuwa tsakiyarsa, alhali irin taku juyi 300 take yi a minti ɗaya ba sauyi, kuma tsarin PC kaɗai ta sani. Faifan tsohuwar kwamfutar Amiga mai kilobait 880 ma ba za ta karanta ba. Sai dai a nemi tsohuwar Macintosh, ko a haɗa tsohuwar na'urar karanta flofi da ɗan allon lantarki irin Greaseweazle.

Tun 2011 Sony ya daina ƙera flofi, saboda haka mafi yawan masu sayen na'urarku a yau abin da aka rubuta shekaru da dama suke neman cetowa, kuma shawarar fomatin ga irin waɗannan mutane ganganci ne.

Ina neman ku mayar mini da kuɗina, ku gyara tallarku ta fayyace irin faifan da na'urar ke karantawa, sannan ku hana ma'aikatanku ba da wannan shawara. Na'urar tana cikin kwalinta tare da rasit, ina jiran ku faɗa mini inda zan aika da ita.

Naku,
Wani abokin cinikinku daga Zariya