A gwada laftof da Linux kafin a biya kuɗi

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwa ɗalibai da ke nan Madina da Makka, musamman sabbin zuwa da ke tara mukafa'a, wato alawus ɗin da jami'a ke ba ɗalibai, don sayen ƙaramar laftof.

Tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ga Windows 11 kuma sai na'urar da ke da guntun tsaro na TPM 2.0, mutane da yawa sun fara komawa Linux, wato tsarin kyauta da ke maye gurbin Windows, kuma hakan daidai ne, Linux Mint ko Lubuntu suna tafiya lafiya lau a na'urar da Windows ke ja da ƙyar. Amma fa ba kowace ƙaramar laftof ce ke karɓarsa ba, nan ne ake tafka asara.

Irin masu arahar nan da ke ƙyalli a kanti, Celeron ne a ciki, RAM 4GB, ma'aji kuma eMMC mai 64GB, kuma yawanci duk a manne suke da allon ciki, ba a cirewa ba a ƙarawa. Ran da eMMC ɗin ya gaji to sai dai haƙuri, mai gyara ma kai zai girgiza maka. Galibinsu ba fanka, ga zafin ƙasar nan da ke haura digiri 45 da bazara, sai ka ga tana rage gudu da kanta, in kuma ka saba barinta a mota batir ya kumbura har ya ɗago kibod.

Sai maganar waifai, wadda ita ce ta fi ba mutane ciwon kai. Katin Intel da ka sa Linux yake kamawa, amma na Broadcom da wasu na Realtek sai ka nemo musu direba, to ina za ka sauke direban alhali intanet ɗin ce babu? Sai dai ka jona wayarka da kebul ka ari intanet ɗinta. Debian 12, wani nau'in Linux, ta rage wannan wahala tun 2023 da ta fara zuwa da firmware, wato ƙaramar manhajar da katin ke buƙata, a ciki. Akwai kuma tsofaffin masu Atom da UEFI ɗinsu, wato manhajar da ke tayar da na'ura, 32-bit ne, waɗannan ko filash ɗin Linux ma ba sa gani sai an yi dabara, in sun tashi kuma wani lokaci ba sauti. Ni dai ba na ba kowa shawarar su ko kyauta ne.

Abin yi bai da wuya, ka sa Mint a filash da manhajar Ventoy ko Rufus, ka je da shi wurin mai sayarwa ka tayar da laftof ɗin daga filash ba tare da ka goge komai ba, ka duba waifai, sauti, kyamara, hasken allo, ka rufe marfi ka buɗe ka ga ko za ta farka. In ya hana ka gwadawa kama gabanka. A ganina tsohuwar ThinkPad ta hannu irin X260 da ake samu a Haraj, shafin saye da sayarwa na Saudiyya, ta fi sabuwar mai arahar nan nesa ba kusa ba, don ana canza mata RAM da SSD da batir.

Masu dogaro da Shamela, manhajar littattafan addini, su fara tabbatar da yadda za su buɗe ta a Linux, ko da ta shafinta ne a intanet, to a lissafa da wannan kafin a goge Windows.

Wassalam.
Wani ɗalibi daga Madina