Wasiƙa zuwa ga ɗana mai koyon faci a Gombe

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maigidanka. Mu ma nan Bajoga lafiya lau, sai zafi. Innarka ta gaya min yanzu ana barin ka kai kaɗai a kan injin iska, har kana taɓa tayoyin tirela. Na yi murna ƙwarai, amma daren jiya ban runtsa ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Akwai abin da ban taɓa ba ka labari ba. Lokacin da nake tuƙi tsakanin Gombe da Bauchi, wata rana da rani muka tsaya wajen faci gaba da Alkaleri. Wani yaro, sa'anka ne a yanzu, ya durƙusa a kan tayar babbar mota, irin mai zoben ƙarfen da ke riƙe taya a kan rim, yana ba ta iska yana hira. Ashe zoben bai zauna daidai ba. Ƙarar da na ji ranar har yau tana kunnena. Zoben ya tashi ya huda kwanon rumfar, silifas ɗin yaron ɗaya a tsallaken titi muka tsince shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma hannunsa na dama bai sake riƙe guduma ba.

Don Allah kar ka taɓa tsayawa a gaban taya tana shan iska. Tayar tirela takan ɗauki PSI 100 ko fiye (PSI shi ne awon ƙarfin iska da geji ke nunawa), wannan ƙarfin ya isa ya ɗaga ƙato sama. Ka samu dogon tiyo mai maƙale bakin bawul, ka koma gefe, kana kallon geji. Ka riƙa ba ta kaɗan kaɗan, kana tsayawa kana duba zoben. Idan ka ji tana ƙas-ƙas, ko ka ga gefenta ya kumbura, kashe iskar nan take, kar ka matsa kusa. Tayar da ta ƙi zama a kan rim har ta kai 40, sauke iskar, ka shafa ruwan sabulu, ka sake. Masu zuba fetur a cikin taya su ƙyasta ashana don ta zauna kuwa, ko kallonsu kar ka tsaya yi.

Direbobi za su matsa maka, na san halinmu. "Ƙara mata, lodi zan yi." Yawancin ƙananan motoci 30 zuwa 35 suke so, kuma adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Bugun taya da ƙarfe ko danna ta da yatsa ba awo ba ne. Motar da ta sha tafiya tayarta takan nuna fiye da ƙima saboda zafi, kar ka rage mata, bari ta huce tukuna.

Kullum kafin ka tashi aiki ka buɗe ƙasan tankin injin ruwan ya fita, shi ke sa tsatsa ta ci tankin daga ciki.

Na ba direban da zai kawo maka wannan takarda tsohon gejina, yana cikin ledar da Innarka ta ƙunsa maka kuka da daddawa. Ka gwada shi da na shagonku ka gaya min ko sun yi daidai. Ka gaishe min da maigidanka. Allah ya tsare min kai, ya yi maka albarka.

Naka,
Baba